Hoton Adaugo A Bangon Asibiti

Shafi na 19

Assalamu alaikum jama'ata. Masu cewa na kulle Dakta Kubura a ɗaki na tafi da makulli, to ga ta nan, na sako muku ita. Ke kuma baiwar Allah mai turo min "ina ci gaba?" tun ban wanke ido ba, na gan ki, Allah ya bar ƙauna, amma don Allah ki dinga bari ina shan koko. Wanda yau ya fara leƙowa ya samu wuri ya zauna, ba zai ɓata ba.

*

Lahadi ce, ranar da ya kamata a ce Dakta Kubura tana miƙe tana rama baccin mako. Amma ina! Tana zaune a bakin gadon mahaifiyarta a unguwar Kwaciri, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, ta kasa sawa ta kasa ajiyewa.

Mahaifiyar tata, Ya Gana, ta ɗago daga jan carbinta ta dube ta.

"Wai fita za ki yi ko zama?"

"Fita zan yi, Ya."

"To ai tun azahar kike fitar nan."

Kubura ta yi murmushin yaƙe. Gajiyarta ba irin wadda bacci ke magani ba ce. Shekara goma sha wani abu ke nan tana fama da ciwon dajin yara, safe tana ɗakin marasa lafiya, yamma tana kan bincike, har ta kai ko a kasuwa ta ji kukan yaro sai ta waiwaya ta fara kallon wuyansa da cikinsa. Ƙarshen watan nan dai ta gama. Ta karɓi aiki a ɗakin bincike zalla, inda za ta dinga wuni da kwalabe da na'urar duba jini, abubuwan da ba sa kuka, ba su da uwa a tsaye tana kallon bakinka.

Adaugo ce kawai ta tsaya mata a rai.

Yarinya ce 'yar shekara bakwai daga Sabon Gari, aka kawo ta da muƙamuƙi a kumbure har ido ɗaya ya rufe. Irin dajin nan ne mai saurin girma, mai kuma saurin jin magani. Zagaye shida ake yi na ƙarin ruwan magani, kowanne da allurar gadon baya. Aka yi biyu, kumburi ya sace kamar ba a taɓa yi ba. Shi ke nan, aka nemi iyaye aka rasa. Kubura ta kira, ta kira, ba a ɗagawa. Sai shekaranjiya uwar yarinyar, Obiageli, ta kira da kanta, wai za su yi bikin godiya ga Allah, Adaugo ta warke, kuma Dakta ce babbar baƙuwa.

"Me kike cusawa a jakar nan?" in ji Ya Gana.

"Ba komai."

"Ba komai mai igiya? Kubura, mutane sun gayyace ki cin shinkafa, ke kin ɗauki abin sauraron ƙirji. Ba ke kika ce min kin bar aikin nan ba?"

"Sai ƙarshen wata, Ya."

"Ki je ki yi musu barka, ki ci abin da za ki iya ci, ki dawo min kafin magariba. Ba kowane yaro ne naki ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani da kin yi ƙiba. Gyara laffayar nan, kafaɗa a waje kamar ba 'yar gidan mutunci ba."

Ta gyara, ta sa takalmin, ta fita.

*

An yi ruwa da safe, layukan Sabon Gari duk taɓo. Rumfunan biki sun toshe layin su Obiageli, dole ta ajiye mota can bakin titi ta tako da ƙafa tana ɗage laffaya. Kiɗa na tashi, mata sun sha anko ruwan ɗorawa, ƙamshin dafa-duka ya cika ko'ina.

Abin da ta fara gani shi ya tsayar da ita cak.

Wani ƙaton ƙyalle aka ɗaura daga wannan bene zuwa wancan, hoto biyu a jiki. Na hagu Adaugo ce ranar da aka kawo ta, fuska a karkace, baki ba ya rufuwa. Na dama Adaugo ce bayan zagaye na biyu, tana dariya, ga wushirya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci: CIWON DAJIN YARA YANA WARKEWA.

Ta san hotunan nan, ita ta ɗauke su da wayarta. Ta san rubutun ma, ita ta tsara shi, ita ta sa aka buga aka manna a bangon ƙofar ɗakin yara a asibiti, don iyayen da ke shigowa a firgice su ga ana rayuwa, su daina guduwa. Yau ga shi an kwafo shi an kawo Sabon Gari, har a jikin bokitan robar da ake raba wa baƙi.

Kafin ta dawo hayyacinta mai gabatarwa ya hango ta, ya kwarara sunanta a lasifika, wuri ya ɗauki tafi da ihu. Onyekachi, uban yarinyar, ya taho da sauri. Ƙato ne, mai haɗa tagogin alminiyam, hannunsa duk tabon yanka. Ya riƙo faranti da goro ya miƙo mata hannu bibbiyu, yadda suke yi wa baƙon da suke ganin girmansa.

"Dakta! Kin zo! Na ce musu za ki zo, ba su yarda ba. Bayan Allah sai ke." Idonsa ya kawo ruwa. "Ni har na gama haƙa mata kabari a zuciyata, Dakta. Dubi yanzu. Dube ta!"

"Allah ya ƙara mata lafiya, Baban Ada."

"Amin! Zauna, zauna a nan sama. Ki ci komai, kada ki ji shakka, malami na kira ya yanka kajin saboda ke. Ga mamata can ta taho tun daga ƙauye, tana so ta ga hannun da ya taɓa jikarta. In kin huta za ki yi wa jama'a magana."

Ta ɗauki goron ta yi godiya. To me za ta ce? Mutum yana kukan murna a gabanka, ka buɗe baki ka ce masa me?

"Bari in gaida gimbiyar tukuna," ta ce.

An ɗora Adaugo kan wata doguwar kujera da aka lulluɓe da farin yadi. Ta sha riga mai tattara, an naɗa mata ɗankwali don rufe kan da gashi bai gama fitowa ba. Tana hango Kubura ta sunkuyar da kai ta ƙanƙame hannun kujerar. Kubura ba ta ji haushi ba, duk yaranta haka suke mata. Akwai wanda ko ƙamshin turarenta ya ji sai ya fara amai.

Ta durƙusa a gabanta.

"Ada, ba gaisuwa?"

Shiru.

Ido ya saba da aikinsa ko ba a sa shi ba. Muƙamuƙi lafiya. Ido lafiya. Wuya lafiya. Har Kubura ta fara sauke ajiyar zuciya, sai ta kalli ƙasa.

Takalmi ɗaya ya fice daga ƙafar yarinyar yana kwance cikin taɓo, ita kuwa ba ta ma sani ba.

Kubura ta ɗauka ta goge, ta kamo ƙafar kamar mai sa mata. Ƙafar ta zo mata a sake, ba ƙarfi. Ta matsa babban yatsan. Ada tana kallon masu rawa. Ta sa farce ta mintsine shi, mintsinin da zai sa babba ya zabura.

Ada tana kallon masu rawa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai da ta mayar mata da takalmin ta lura farin yadin kujerar a jiƙe yake ta gefe, yana ɗiga a hankali. Ba ruwan sama ba ne.

Ta ɗago. Obiageli na tsaye a bayan kujerar, ta sha kwalliya, ɗaurin ɗankwali har yana taɓo rumfa, amma idonta na kan hannun Kubura. Tun ɗazu take kallo.

"Maman Ada, rigarta ta ɗan ɓaci," Kubura ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Mu shiga ciki ki canza mata."

Obiageli ba ta ce "Ada tashi mu je" ba. Sunkuyawa ta yi ta sungume ta, ta rufe jiƙon da gefen zaninta. Wannan kaɗai ya ishi Kubura amsa.

*

Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen gidan haya, labule ya raba shi, gado a nan, keken ɗinki a can, don Obiageli tela ce. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta kwantar da yarinyar ta tura ƙofa, ƙarar kiɗan ta ragu.

"Kada ki taɓa ni," in ji Ada.

"Hannu kawai zan ɗora. Ba allura. Kin ga, ba komai a hannuna."

Ta ɗora. Cikin ya yi tauri, ga wani dunƙule a gefen dama ya cika mata tafin hannu. Ta kai hannu za ta sauke rigar, sai yatsanta ya ci karo da ɗinki. Ta juyo gefen rigar. An farke an ƙara ƙyalle, an sake farkewa an ƙara wani. Ɗinki ne mai kyau, sai wanda ya sa ido zai gani.

Ta ja Obiageli bayan labule.

"Sau nawa kika buɗa rigar nan?"

Obiageli ta kalli keken ɗinkinta.

"Maman Ada, da ke nake."

"Sau biyu."

"Wato kin sani."

"Ni nake auna ta, Dakta. Ni nake mata wanka. Ta yaya ba zan sani ba?"

"Ƙafar fa?"

"Jiya ta ce sun mata nauyi. Amma da safe ta taka a coci, Allah ta taka, har gaban jama'a ta je tana riƙe da hannuna. Da muka dawo ne ta ce in ɗauke ta. Na ce gajiya ce."

"Babanta ya sani?"

Ta girgiza kai.

Nan fa abin da Kubura ta yi shekara da shekaru tana dannewa ya taso mata. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma da ƙarfin ɗagawa.

"Ban zaunar da ke ba? Ban ce miki shida ne ba? Ban ce miki kumburin zai tafi ya yaudare ki, ciwon yana nan a ɓoye ba? Da bakina na faɗa, na faɗa da Hausa, na sake da Turanci. Na kira ki har wayata ta gaji da lambarki. Haba Maman Ada! Haba! Wai me na yi muku ne ku iyayen nan? Ku kawo min yaro rai a hannun Allah, in tsaya a kansa har ya tashi, ku ɗauke shi ku gudu, sai ya lalace ku dawo min da shi in rufe masa ido. Na gaji. Wallahi na gaji."

Obiageli ta bari sai da ta kai aya. Sannan ta sunkuya ta ɗauko bokiti ɗaya cikin waɗanda aka jibge a gindin keken, ta juyo hoton.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni."

"Wa ya manna shi a bangon asibiti?"

"Ni. Kuma sai da na tambaye ki, kika ce kin yarda."

"Na yarda, ban musa ba. To bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Mun zo zagaye na uku."

"Ba ku zo ba."

"Mun zo. Har ƙofar ɗakin yara muka zo, ni da ita da babanta. Ranar ce ya fara rufe shago ya biyo mu. Ada tun daga bakin get take ihu, ta riƙe ƙarfen ƙofa muna ɓamɓare yatsunta. Sai babanta ya ɗaga kai. Ga 'yarsa a bango, ta fi shi tsawo. Ya karanta, ya sake karantawa. Dakta, a nan kan siminti ya durƙusa yana kuka, mutane suna ratse shi. Ya ce asibiti da kansu sun rubuta ta warke, sun kafa ta a bango kowa ya gani, to don me za a sake huda mata baya? Ya ɗauki hoton a waya. Kafin mu kai gida ya isa ƙauye, ya isa coci."

"Akwai rubutu a ƙasa," in ji Kubura, muryarta a dushe. "An ce idan an kammala magani."

"Ina?"

Kubura ta juya bokitin. Babu. Ko a bangon ma baƙaƙen ƙanana ne, can ƙasa, sai ka sunkuya. Mai bugawa ya ce in aka ƙara musu girma za su ɓata hoton, ita kuma ranar daga rasuwar wani yaro ta fito, ta ce ya yi yadda ya ga dama.

Ta lalubi bakin keken ɗinkin ta jingina.

Kai jama'a! Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana binciken abin da ke sa iyaye su gudu da yara a tsakiyar magani. Ta shiga ƙauyuka ta zauna kan tabarma, ta tsaya a manyan taruka ta yi bayani ana tafa mata: nisa ne, tsoro ne, zugar dangi ce. Ko a mafarki ba ta taɓa hango hannunta a ciki ba. Kuma ta san dalilin da ya sa ta zaɓi Ada. Yaran da suka kai zagaye na shida sun rame, sun yi duhu, baki duk gyambo, ba wanda zai kalli hotonsu ya samu ƙwarin gwiwa. Ada ce mai kyau, Ada ce mai wushirya. Sai ta ɗauki yarinyar da ko rabi ba ta kai ba ta kafa a bango kamar wadda ta gama.

"Amma ke kin san ba haka ba ne," ta faɗa da ƙyar. "Ke na zaunar, ba shi ba."

"Na sani."

"To me ya hana ki faɗa masa?"

Obiageli ta zame ta zauna a ƙasa, ɗankwalin ya tuɓe, ba ta ko kalle shi ba.

"Kin san yadda ake allurar bayan nan. Ku kuna bayanta, ba kwa ganin fuskarta. Ni ake cewa in naɗe ta, in haɗa kanta da gwiwarta in danne. Ni take kallo. Ni take roƙo. Bayan ta biyun, Dakta, Ada ta daina ce min Momi. In na ba ta abinci sai ta kau da kai, sai maƙwabciya ta ba ta take ci. In na kwanta kusa da ita sai ta mirgina jikin bango. 'Yar da na haifa. Ita kaɗai gare ni. Ranar da muka juyo daga ƙofar nan na ɗauko Littafi Mai Tsarki na ɗora hannu a gabanta, na rantse ba zan sake kai ta ba." Ta share hanci da gefen zani. "Ranar ta ce min Momi."

Obiageli ta ɗago ta kalli Kubura, ta ci gaba.

"Da cikin ya fara tasowa na ce gobe zan faɗa masa. Goben ta zo, ya kawo ƙyallen anko. Na ce gobe. Mamarsa ta sauka. Yau da safe ni na tsaya gaban coci na ba da shaida, mata suna rungume ni suna kuka. In fito yanzu in ce musu me?"

Daga waje muryar mai gabatarwa ta ratso: "Ina gimbiyarmu? A fito mana da Adaugo ta taka rawa da babanta!"

Kubura ta durƙusa a gabanta ta rage murya.

"Saurare ni da kyau. Ciwon ya dawo a ciki, kuma ya danne mata laka, shi ya sa ƙafafun suka saki. In aka fara magani yau, yau ɗin nan, ina sa ran ta sake takawa. Ban yi miki alkawari ba, sa rai na ce. In aka kai gobe ko jibi, ko ta rayu a zaune za ta ƙare. In kuwa aka bar shi gaba ɗaya, kafin hoton nan ya goge daga jikin bokiti babu ita."

"Momi."

Ada ce, daga bayan labule. Sun manta 'yar Sabon Gari ce, Hausar da suke yi ƙasa-ƙasa tas take ji.

"Momi, kin rantse."

Obiageli ta toshe baki da hannu biyu.

"Ba zan iya ba, Dakta. Ki yafe ni. Ba zan iya sake ganin idon nan ba."

Kubura ta lumshe ido. Ga hanya a buɗe. Ta faɗi gaskiya, ta sauke nauyi. Tana iya ɗaukar jakarta ta koma Kwaciri, Ya Gana ta zuba mata burabusko da miyar kuka, ƙarshen wata ta tafi wurin kwalabenta. Ai ta sha yin haka. Iyaye sun ƙi, sai ka yi addu'a ka wuce gado na gaba, ba mai cewa ka yi laifi. Bayanta ciwo, ƙafarta ciwo, rabonta da ta so wani abu a duniya ban da bacci har ta manta.

Amma ita ta manna hoton.

Ta zaro waya ta kira ɗakin yara, ta ce wa sistar da ke aiki a gyara gado a haɗa magani, ga ta nan. Sannan ta yaye labulen ta zauna a bakin gadon.

"Ada, kin ji abin da na ce?"

Ada ta juya fuska bango.

"Momi ba za ta kai ki ba. Ni zan ɗauke ki. Kuma daga yau ba ita za ta dinga danne ki ba. Wani likita zai yi allurar, ni zan riƙe ki, ni za ki kalla. In za ki tsani wani, ga ni."

Can Ada ta ce, "Zai yi zafi?"

"Zai yi."

"Kamar wancan?"

"Kamar wancan."

"Ba na son ki."

"Na sani. Ba ke kaɗai ba ce."

"In na je ƙafata za ta tashi?"

Kubura ta dafa ƙafar.

"Shi za mu je nema."

Ada ba ta ce to ba, ba ta kuma ce a'a ba. Hawaye ne kawai ke gangarawa cikin kunnenta.

Mota tana can bakin titi, tsakaninsu da ita kuwa jama'a ce cike da layi. Kubura ta miƙe ta fara warware laffayarta. Da Ya Gana za ta ga 'yarta yau, daga ita sai doguwar riga da ɗan kallabi za ta ratsa maza, da sai an yayyafa mata ruwa. Ta ninka laffayar biyu, ta juya baya ta duƙa. Rabonta da goyo tun tana goyon ƙannenta.

"Maman Ada, ba zan ɗauke ta ba da yardarki ba. In kin yarda, ɗora min ita."

Obiageli ta daɗe tana kallon bayan nan. Sannan ta tashi, ta sa hannu ƙarƙashin 'yarta ta ɗaga, ta kwantar da ita a bayan Kubura. Ita ta ja laffayar, ita ta ɗaure, sama da ƙasa. Ƙafafun Ada suka sauko suna reto.

"Babanta fa?" Kubura ta tambaya. "Ke za ki faɗa masa ko ni?"

"Ni ban san ta ina zan..."

Aka turo ƙofar.

Onyekachi ne, gumi sharkaf, baki har kunne, makirufo a hannu, ya karɓo daga mai gabatarwa don ya fito da 'yarsa da kansa. Ya kalli matarsa, kai ba ɗankwali, kwalli ya zubo. Ya kalli Dakta ba laffaya. Ya kalli goyon.

Fara'ar ta ɗauke.

"Dakta, ina za ki kai min 'ya?"

Bai kashe makirufon ba. Tambayar ta fita ta lasifika ta karaɗe layin, mai kiɗa ya tsayar da kiɗa, waje ya yi tsit.

"Baban Ada, ka ba ni hanya, mu tafi tare. Zan maka bayani a mota."

"Wane bayani? Ke kika rubuta ta warke. Ke da kanki kika rubuta!" Ya matso, ya miƙa hannun da ke riƙe da makirufon wajen 'yarsa. "Ada, sauko. Sauko ki nuna mata. Zo ki taka wa Dadi rawa."

Takalmin nan ya sake sulluɓewa daga ƙafarta, ya faɗi kan siminti, ƙwas.

Ada ta ɗago kai daga kafaɗar Kubura, bakinta daidai kan makirufon.

"Dadi, tun ɗazu nake ce musu su motsa. Ba sa ji."

Har bakin titi aka ji ta.

Onyekachi ya kalli takalmin a ƙasa. Ya kalli ƙafar da ke reto.

Ya mayar da hannu baya ya rufe ƙofar da su duka a ciki, ya murza makulli.